Ƙidaya a Tsibirin Sokotra

Tun asuba Ruwaida ta saki jirginta marar matuƙi,
ya yi ta shawagi bisa tudun Firmihin
yana ƙirga itatuwan nan masu zubar da jini,
masu kai kamar buɗaɗɗiyar laima.

Kwamfuta ta kawo lissafi: duk tsofaffi.
Ƙanana fa? Shiru.

Tsoho Tanuf ya ja ta bakin kwazazzabo.
Can a tsagar dutse,
inda kofato bai taɓa sauka ba,
tsiro uku, ko taƙi ba su kai ba.

"Na'urarki daga sama take duba," in ji shi,
"akuya kuwa daga ƙasa."

Ta durƙusa ta rubuta uku,
hannu na rawa, ukun ya karkace.
A bayansu, akuyar Tanuf
ta fara tauna gefen taswira.