Taurari Huɗu da Rabi

Yaya Nafi'u ya turo saƙo daga Fatakwal:
"Taurari huɗu da rabi aka ba gidan.
Je ki gani, kuɗin a wuyana."
Na daɗe ina kallon rabin nan a waya.
Wa ya gutsure shi? Me ya gani da ya hana shi cikawa?

Shekara ashirin da shida Baba Tanimu ya yi
yana duba yadi a masaƙar Kakuri.
Bai taɓa yarda da fuskar atamfa ba.
Sai ya juya bayanta, ya ɗaga ta ga haske,
ya bi zare da farcen babban yatsa.
"Fuska ta mai saye ce," in ji shi,
"baya ke faɗin halin masaƙi."
Yau hannun nan na dama yana kwance a cinyarsa
kamar baƙon da bai san kowa a gidan ba.
Ni kuwa bakwai na safe na fita aiki,
in dawo in tarar da kokonsa ya daskare a kofi.

Ran Laraba na tari keke zuwa Barnawa,
ban buga na ce ina tafe ba.

Manaja ya baje min takardu:
tsafta tara cikin goma, abinci takwas,
magani a kan lokaci tara.
Ga hatimi, ga sa hannu, ga hoto kowa na murmushi.
Ya ce bari ya raka ni.
Na ce na gode, na san hanya,
alhali ban sani ba.

Da hanci na fara.
Warin izal ne a sama, na tsaya in ji na ƙasansa.
Na ɗaga gefen zanin gado, na dafa katifa. A bushe.
Na danna ƙararrawar kan gado, ina ƙirge a zuci,
sai da na kai ɗari da sha ɗaya
wata ta shigo tana goge hannu,
Rifkatu rubuce a ƙirjinta.
"Mu biyu ne da dare," ta ce, tun ban tambaya ba,
"ga mutum goma sha tara.
In an ɗauke wuta, sha biyu ake kashe janareto."
Wannan babu shi a takarda.

A baranda wata tsohuwa na shan hantsi,
an yanke mata farce, har da lalle a tafi.
Ta ƙwala kira, "Asabe!"
Rifkatu ta amsa, "Na'am, Iya."
Ta raɗa min: sunan 'yarta ce da ta rasu.
Shi ma ban ga layinsa a takarda ba.

Na durƙusa na ce, "Iya, ana kula da ku?"
"Miya ba gishiri," ta ce.
"Amma ana juya ni da dare."
Ta ƙare min kallo.
"Ke wa kika zo ajiyewa?"

Kalmar ta biyo ni har kan gada,
inda muka tsaya cak a cunkoso, kogi ya cika ya yi ja.
Na san matan layinmu a Unguwar Sanusi
su ma da taurarinsu a hannu,
kuma na san nawa za su ba ni.

Bayan isha na zauna na faɗa masa duka,
ban rage ƙirgen ba, ban rage lallen ba.
Ya ɗaga hannun hagu, ya kifa shi, ya buɗe.
"Kin... juya?"
"Na juya, Baba."
"Zare?"
"Akwai inda ya tsinke. Akwai inda aka ɗaura."

Ya yi shiru har fanka ta tsaya.
Can a cikin duhu ya ce,
"Asabar. Kai ni... in duba da kaina."

Waya ta yi haske a kan tabarma:
"Ya kika gani?"
Har yanzu ban amsa ba.