Makulli Uku a Bakin Gongola

Takarda ta zo ran Talata,
da jan hatimi a ƙasanta:
an ɗauke ni daga Gombe zuwa Nafada,
can gaba ma, wani ƙauye a bayanta.
Hurera ta karanta sau biyu, ta ninke,
ta ce, "Akwai ruwa?" Iyakar tambayarta.

Na bi motar Bajoga da sassafe,
buhun taki a ƙafata, akuya na huci a ƙeyata.
Manu, ɗan Jauro, ya tare ni da babur,
makulli uku na kaɗawa a aljihunsa.

Gidan farko a bakin kasuwa yake.
Sabon kwano, daɓen siminti sumul,
ina cikin yabawa injin niƙa ya tashi,
bango ya kama makyarkyata,
garin dusa ya sauko ya yi wa hulata furfura.
"Da magariba yakan yi shiru, Malam."
Na tuna Ummita
da ƙirjinta mai kukan mage cikin dare,
na kakkaɓe hula, na ce mu ga na gaba.

Na biyu a gangare, dab da Gongola.
Mangwaro biyu, gwaiba ɗaya,
rijiya, igiya gaba uku guga ya sha.
Zuciyata ta riga ni shiga ta shimfiɗa tabarma,
har ta dasa tumatir a bayan ɗaki,
har ta tsinka.
Sai ido ya kai ga wani zane a bango,
launin laka, daidai ƙuguna,
ya zagaye ɗakin kamar ɗamara.
"Wannan fa?"
Manu ya dubi sama, ya sosa gemun da bai fito ba.
"Bara ne, tsakiyar damina. Ba kowace shekara ba ce."
Ashe gidan da mai shi,
ya sa hannu a bango ya koma kwance cikin yashi,
kuma ba ya sallama in zai dawo.

Na uku a tudu, bayan firamare.
Ginin ƙasa, azara ta yi ciki,
gara ta karya kumallo da ƙyauren.
Rijiya sai ka wuce gonaki huɗu.
Waya ba ta kamawa
sai ka hau kututturen tsamiya
ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa a gaban alƙali.
Na juya zan tafi.

"Kai ne sabon malamin gonar?"
Murya ce ta ƙetaro danga.
"Zo ka ga abin da ke cinye min wake."
Inna Dudu, ba gaisuwa ba sannu da hanya,
ta tasa ni gaba har cikin kunya,
sai da na durƙusa, na juya ganye,
na nuna mata ɓarayin a bayansa.
Sannan ta tuna ni baƙo ne:
dakkere da kindirmo a ƙwarya mai ɗinki.
Ta ƙirga 'ya'yana a yatsunta,
ta ce jikarta ma aji uku take.
Ta ce jakinta na zuwa rijiya safe da yamma,
jarka ɗaya ba za ta karya masa baya ba.

Da la'asar na hau kututturen.
Hurera ta ce, "Akwai ruwa?"
Na ce, "Da nisa. Amma akwai jaki,
akwai kuma mai jakin."
Layi ya ɗauke, ya dawo.
"Rufin fa?"
"Yana yoyo ta kusurwar gabas."
Ta yi shiru har na duba ko katina ne ya ƙare.
"To, sai mu sa gadon a yamma."

Manu na ƙasa, tafinsa a buɗe.
Biyu suna ƙyalli.
Na sunkuyo na ɗauki mai tsatsar,
ya bar min ja a yatsa.