Jagorar Abin da Bai Nuna Ba

Ƙarfe bakwai, sanyin Jos ya ɗaure min yatsu.
Na hau benenmu da ke bayan Taminus,
na hura tafin hannu, na kunna kwamfuta,
na buɗe shafi na goma sha bakwai,
inda jiya na rubuta kamar mai rantsuwa:
"Danna koren maɓalli da ke hannun dama."
Na duba manhaja. Maɓallin ya koma shuɗi,
ya yi ƙaura zuwa hagu cikin dare,
ko sallama bai yi min ba.

Aikin Davou ne. Shi da jemage lokacinsu ɗaya.
Ya toshe ƙofa, ya fasa taga a gurbinta,
da safe ya shigo da jan ido da gyaɗa a aljihu,
ya ce, "Barira, ɗan gyara ne kawai."
Ɗan gyaransa ya cinye min shafi tara
da hotuna shida na ranar Talata,
hotunan gidan da aka rushe
tun masu shi ba su tare ba.

Ta 'yan gwari ce manhajar, dillalan Farin Gada:
kwandon tumatir nawa, buhun dankali nawa,
wa ya biya, wa ya ce sai mota ta dawo daga Fatakwal.
Nawa aikin, in yi musu kwatance.
To, yaya ake kwatancen hanya
ana cikin sare dajinta?
In ce a karya kwana a gindin mangwaro,
kafin su iso an mai da shi itacen girki.
Oga ya leƙo: "Yaushe littafin zai kammala?"
Na ce, "Ranar da Davou ya yi barci."
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai na tuna Inna da kekenta a Anguwar Rogo.
In ta auna yaro, takan naɗe yatsa uku
a ƙafar wando, ta ɗinke da zare mai sauƙin warwara.
Masu kaya su ce ta ɓata yadi,
ta ciji zare ta ce, "Ku dawo baɗi,
ai ɗanku bai gama tsawo ba."

Tun ranar na daina rantsuwa da launi.
Nakan ce, "Nemi inda aka rubuta Ajiye,"
in bar naɗi a ƙarshen kowace jimla.

Ran Alhamis aka kawo Malam Ukasha ya gwada,
hannunsa na ƙanshin albasa, tabarau a kan hanci.
Ya bi layina da yatsa, a hankali,
ya sa buhu arba'in a wurin huɗu,
ya ɗago: "'Yata, in mutum ya yi kuskure,
ta ina yake komawa?"
Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareta.
Mu shida, wata bakwai muna gini,
babu wanda ya bar wa mai kuskure ƙofa.
Ba mu taɓa tunanin za a yi ba.

Daren nan na yi abin da ba a sa ni ba:
na rubuta shafi guda kan maɓallin da babu shi,
sunansa, wurin zamansa, abin da zai ce wa Malam,
na ajiye a kan teburin Davou, na danne da kofinsa.
Da safe na tarar da shi a allo, sabo fil,
daidai yadda na faɗa,
sai dai, don hali, ya mai da shi ruwan goro.
Ban ce komai ba.

Yanzu a ƙasan kowane shafi ina sa kwanan wata,
kamar mai tumatir da ya san kayansa.
Mai karatu, abin da ke nan gaskiya ne
zuwa la'asar ɗin yau Laraba.
Abin da zai faru bayan isha'i,
wannan ban yi maka alkawari ba.