Kwaɗon Bakin Tyne

A Hexham watan Afrilu suke kira bazara.
Ranar da na fara ji sai da na yi dariya.
Bazarar da ba ta gasa tafin ƙafa,
sai da riga uku da takalmin roba,
ƙasa sharkaf kamar an kwana ana mata ban ruwa.

Hilda ce ta fara ja na bakin kogi,
yau shekara shida ke nan.
Tsohuwa mai sanda da kwando,
ba ta da doguwar gaisuwa, sai nuni da haɓa.
Ta ce, durƙusa.
Gwiwata ta nutse a taɓo.
Ta ce, murje ganyen nan ki shinshina.
Tafarnuwa!
A gindin itatuwa, ba mai shuka, ba mai gadi,
furenta fari fat kamar an zubar da tsakin shinkafa.

Kusa da ita wani ganye ya laɓe,
korensu ɗaya, sheƙinsu ɗaya,
amma shi wuta yake kunna wa maƙogwaro.
Na ce, a garinmu cewa ake
kama da wane ba ta wane.
Ta ce, to riƙe wannan ma:
hanci ne alƙali, ido ɗan shaidar zur.

Akwai mai harbi, kunamar da ta zama ganye.
Toho huɗu na sama kaɗai ake tsinka,
ruwan zafi ne ke sauke masa fushi.
Akwai rawayen furen da maƙwabta ke yaƙa a farfajiya,
haƙorin zaki suke ce masa,
ɗacinsa ƙanin na shuwaka.
Can kan tudu wata ƙaya ta yi fure,
ƙamshin kwakwa take yi a ƙasar da kwakwa ba ta fita.
Da jinin yatsa na biya kuɗin cikin tafi ɗaya.

Dokarta ba ta da yawa:
ɗauki ɗaya ki bar uku.
Na ƙudan zuma, na mai zuwa bayanki, na baɗi.

Ni ma ban zo duniya hannu rabbana ba.
Na bi Gwaggo Tasalla tsinkar tafasa
bayan ruwan fari, a bayan makarantar Dandume.
Na ciro ƙuli-ƙulin da nake ta tattali tun hutun bara,
na daka a ɗan turmi, mutanen ƙasan bene suna buga silin.
Yaji, gishiri, albasa, ɗigon man gyaɗa,
na matse ganye, na cuɗa da hannu,
na watsa furanni a kai, rawaya da shuɗi.
Hilda ta kai loma, ta yi tari, idonta ya kawo ruwa,
ta miƙo kwano ba tare da ta ce uffan ba.

Bana ni kaɗai na je.
Kwandon ya fi ni sanin hanya.

Tana hawa na biyu a gidan kula da tsofaffi,
tagarta na kallon wurin ajiye motoci.
Sunana ya zube mata tun hunturu.
Wani lokaci Edna take ce mini,
ƙanwarta da ƙasa ta rufe tun ban zo ƙasar ba.
Ina amsawa.

Na buɗe kwano a kan cinyarta,
ta dube shi kamar wasiƙar da ba tata ba.
Sai na zaro ɗanyen ganye daga aljihu,
na murje a gaban hancinta.

Shiru.
Keken shayi ya wuce a baranda yana ƙara.

Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san ya rage ba,
ta duba taɓon da ke ƙarƙashin farcena,
ta ce, kin dai bar uku?

Na ce na bari.
Ta tsinci shuɗin furen nan da yatsa biyu,
ta ture yajin gefe,
ta fara ci.