Lissafin Dare a Damba

Ga rasit a gabana, ga fitilar waya.
Naira dubu ɗari huɗu, da shuɗin hatimi,
sunan kamfanina a sama, har an kuskure harafi ɗaya.
Kamfanin da ni ne shugaba, ni ne akawu,
ni ne mai ɗauko wa leburori ruwan leda a bayan babur.

Ranar Talata ce. Muna zuba kankaren bene
nan Damba, a bakin Gusau.
Katakon da Mande ya taka
gini uku ya yi mini, damina biyu ta dake shi.
Na san tsagar da ke cikinsa
kamar yadda harshe ya san haƙori mai girgiɗi.
Na ce zai kai mu Alhamis.

Bai kai mu azahar ba.

Kwanon siminti ya riga shi isa ƙasa,
silifas ɗinsa guda ya tsaya can sama, a kan rodi,
yini guda ba wanda ya hau ya sauko da shi.

Washegari Injiniya Saratu ta zo da littafi.
Ba ta ɗaga murya ba. Ƙirga kawai ta yi:
kawuna goma sha ɗaya, hular kwano biyu,
ɗaya a kaina,
ɗaya birkila na ɗiban ruwa da ita.
Igiyar ɗamara babu. Takalmin aiki babu.
Na ce, ranki ya daɗe, mu fa ƙanana ne,
tun da muka yi jinga sau biyu siminti ya tashi,
mai gini kuma ya ce ko sisi ba zai ƙara ba.
Ta ce, ƙasa ba ta tambayar girman kamfani
kafin ta karɓi mutum.
Yaronta ya shafa jan fenti a bango.

Yanzu ina ta bugawa:
hula tara, igiya huɗu, katako sabo daga 'yan katako.
Na buga, na goge, na sake bugawa,
bai kai rabin tarar ba.
Garin neman gira.

Na sayar da injin kwaɓa na biya.
Kuɗin sun shiga asusun hukuma, an ba ni takarda.
Ƙugun Mande kuwa yana Kwatarkwashi wurin mai ɗori,
can ba a bayar da rasit.

Jiya na je da lemu da kunya.
Na shirya wa zagi, na shirya wa shiru.
Sai ya yunƙura a kan tabarma ya ce,
"Maigida, an ƙarasa zubin?
Kuɗina na ranar nan fa,
na rabin yini za a ba ni, ko cikakke?"

Katakon na nan bayan ɗaki, gida biyu.
Mai ƙosai ta roƙe ni shi don hura wuta.
Na ce ta dakata tukuna.