Tsarabar Dare

Ƙarfe goma nake kashe tasi a ƙofar gida.
Merida ta yi shiru, amma bango bai huce ba.
Gaspar na kwance a gadon raga, ido biyu,
kafin ya dubi fuskata, hannuna yake dubawa:
leda, lemon kwalba mai raɓa, soye-soye masu naso.
Da su nake biyan bashin yinin da ban gan shi ba.

Shekara tara ina biya,
ashe bashin a jikinsa yake taruwa.

Ran Talata likita ta ɗora shi kan sikeli,
allura ta zarce kamar direban da bai ga fasinja ba.
Ta sunkuyar da kansa, ta shafa baƙin da ke bayan wuya,
wurin da Filomena ta sha dirza da soso.
"Ba dauɗa ba ce," in ji ta, "jiki ne ke kai ƙara."
Sai ta juyo, ta auna tumbina da ido:
"Don Eusebio, kai fa, me kake sha?"

Uwata Remigia ta ce likitoci sun rasa aikin yi.
Ita ta ga shekarar da masara ta ƙi,
ta ga ƙannenta biyu, ƙafafu kamar sillen kara,
an ɗauke su cikin akwati ɗaya.
A wurinta kumatu arziki ne.
Ta ƙara masa tortiya huɗu, ta shafe su da kitse,
ni kuwa bakina ya mutu.
Amma ta san wanda ke ɗakin baya:
babana, da takalmi ɗaya ƙarƙashin gado.
Ɗayan, ciwon suga ya bi da shi, har da ƙafar.

Ba maganar likita ce ta kayar da ni ba.
Takarda ce daga makaranta,
an ce kowa ya zana mahaifinsa.
Gaspar ya zana mota, ya zana taga,
ya zana hannu riƙe da kwalba.
Na ce, "Ina ƙafafuna?"
Ya ce, "Ban taɓa ganin kana amfani da su ba."

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
To, idan barewar ce ta zauna fa?

Lahadi na aro keke biyu wurin Anselmo mai faci.
Kafin mu kai kasuwa numfashina ya ƙare,
yaro na gaba yana dariya, riga ta jiƙe,
karon farko da na ji ya ce, "Baba, yi sauri!"
Filomena ta dafa zoɓo, ta rage suga,
muka yamutsa fuska mu biyu, muka shanye.
Wake, kabewa, ganyen caya daga bayan gida,
abincin da na raina don ba a leda yake zuwa ba.

Kada in yi ƙarya.
Ran Alhamis, rana tsaka, fasinja ya zage ni,
na tsaya a shago, na sha ɗaya a ɓoye,
na cusa kwalbar ƙarƙashin kujera.
Da safe zan kai shi makaranta, na taka birki,
ta gangaro ta daki ƙafarsa.
Bai ce komai ba. Ya ɗauka, ya juya ta,
ya dube ni irin duban da likita ta yi mini.

Yanzu ƙarfe takwas nake kashe tasi.
Kuɗin sun ragu, Filomena ta lissafa, ta yi tsaki.
Hannuna wayam nake shigowa.
Jiya ya dube su, ya ga babu leda,
ya kama na dama, ya ja ni waje:
"Sau uku yau, har gindin cocin."
Kakarsa ta biyo mu ƙofa da faranti a rufe,
tana kira, wai iska za ta ɗauke mata jika.