Uku da Rabi

A Kutaisi, bayan gidanmu, ƙarƙashin rumfar inabi,
kakana Guram da maƙwabcinsa Otar
sun shekara talatin suna buga nardi a allo guda,
allon da ya sha hannu har gefensa ya yi sheƙi.
'Ya'yan lido biyu, farare kamar haƙoran maraƙi,
su ke raba musu gardama, su ke kuma hura ta.

Kakana ya ce shida ta ƙaurace wa hannunsa
tun shekarar da aka rufe masana'antar motoci.
"Da ta hango tafina sai ta kifa fuska ƙasa."
Otar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ni Mzia, Malama Lamara ta ba mu aikin hutu:
ku je ku ƙirga wani abu, ko mene ne.
Wasu suka tafi gadar Rioni ƙirgar motoci,
ni na jawo kujera kusa da gwiwar kakana,
na ja layi shida a littafi.
Kowace fuska ta fito, in yi mata kara ɗaya,
huɗu a tsaye, na biyar ya gitta su
kamar ƙyauren garke.

Kwana tara. Jifa ɗari uku, fuska ɗari shida.
Fensirina ya dawo tsawon ɗan yatsa.

Ɗaya ta fi kowa zuwa, ɗari da huɗu,
baƙuwar da ba a gayyata ba.
Biyu ta fi kowa noƙewa, casa'in da shida.
Tazarar takwas ce kacal tsakaninsu.
Shida fa, wadda aka ce ta yi yaji?
Casa'in da bakwai.
Ɗari ake sa ran ta zo, uku ta bari a hanya,
kuma ta fi yawan sauka a gefen kakana.

Na tara duka, na raba da ɗari shida,
sai ga uku da rabi, saura ƙiris.
Ya ɗauki ɗan lido yana juyawa a hasken rana:
"Nuna min fuskar da ke da uku da rabi."
Babu.
Matsakaici gida ne da ba mai kwana cikinsa,
amma kowa daga ƙofarsa yake auna nisan nasa.

Na ce, Kaka, ɗan lido ba ya riƙo,
bai san jiya ba, bai san bashin kowa ba.
In ka jefa biyu, ƙofa talatin da shida ce a buɗe:
shida cikinsu bakwai suke kai ka,
ɗaya tak ke kai ka shida da shida.
Kai ne ke tuna ranar da ta ba ka kunya,
ka manta ranakun da ta zo ba ka buƙatarta.

Ya yi shiru, ya tsinki inabi bai ci ba.
"Gani ya kori ji," in ji Otar.
"Littafi bai taɓa cin wasa ba," in ji kakana.

Da kaka ta shigo, ganye ya fara zuba a allo,
tarin Otar ya kai shi asibiti a Tbilisi.
Kujerarsa na nan, ba wanda ya gusa ta.
Wata yamma kakana ya buɗe allon shi kaɗai,
ya girgiza, ya jefa.
Shida da shida.

Ya dubi kujerar, ya daɗe yana duba.
"Nawa kika ce?"
Ɗaya cikin talatin da shida.
"To rubuta," ya ce, "ki sa kwanan wata.
In ya dawo ba zai yarda da bakina ba."